Na Sa An Farke Cikin Motar Mijina, Kuma Ban Yi Nadama Ba

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi, da ku masu karatu maza da mata, ina gaishe ku da kyau. Don Allah a sakaya sunana, sunayen da za ku gani a ciki ma duk na canza su. Roƙona ɗaya ne: wanda ya san zai zage ni, ya daure ya kai ƙarshe tukuna, sannan ya zaga. Na san halin wasunku, tun daga kan magana sun riga sun yanke min hukunci, wai mace ta taɓa kayan miji babu izini. E, na taɓa. Ba ma taɓawa kawai ba, na sa an kwance, an huda, an yanka. Ba kuka na zo yi muku ba. Abu ɗaya ne ya tsaya min a wuya, shi nake neman shawara a kai.

Ni malamar lakwal ce, wato makarantar boko, a Dungas. Mijina, bari in kira shi Habu, yana wajen haƙar zinariya a Jado, can arewa, yakan daɗe bai leƙo gida ba. Ina zaune da yaranmu da mahaifiyarsa, Inna, kuma tun da aka kawo ni gidan ko sa-in-sa ba mu taɓa yi da ita ba. Asalina 'yar Kwaya ce, can Babana yake zaune yana nomansa.

Kafin in kai ga motar dole ku san wani abu, in ba haka ba za ku ɗauka Habu mugu ne, alhali ba mugu ba ne. Lokacin da yake nemana, kabu-kabu yake yi da babur ɗin wani, ko taya ɗaya ba tasa ba ce. Babana kuwa mutum ne mai baki, ba ya tauna magana. Ranar da Habu ya je gaishe shi, a ƙofar gida cikin mutane, Baba ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "To in na ba ka ita, da me za ka ɗauke ta? A ka za ka ɗora ta?" Aka kwashe da dariya. Daga baya Baba ya yarda don ya ga na kafe, aka yi aure lafiya, ni kuma na ɗauka maganar ta wuce. A wajen Habu ba ta wuce ba. Bai taɓa yi wa Baba rashin kunya ba, gaisuwa har ƙasa, amma ni da nake matarsa na san abin yana nan daram a ransa.

Bara da damina Allah ya buɗa musu a ramin da suke haƙa. Habu ya sauko Damagaram ya sayi katkat, irin manyan motocin nan masu tsayi da suke keta rairayi. Ba sabuwa fil ba ce, amma ya kai ta wajen masu gyara suka mai da ita amarya. Ranar da ya shigo da ita Dungas har masu rumfuna sun bar kayansu sun biyo ta. Baƙa ce wuluk, fentin yana sheƙi har mace ta gyara ɗaurin ɗankwalinta a jikin ƙofa. Gabanta wani faffaɗan ƙarfe ne fari mai ƙyalli, fitilun sirara a karkace kamar tana harara, ya kuma sa an ƙara mata ƙaton ƙarfe a goshi da jerin ƙananan fitilu a saman rufi. Tayoyin manya masu kaushi, tsayinta kuwa sai da na tattare zane na kama hannunsa sannan na iya hawa. Gilasan duk an liƙa musu baƙar leda, kana ciki kana ganin kowa, ba mai ganinka. Cikin ne ma abin kallo. Kujeru jeri uku, an yi musu sabuwar fata launin madara da jan ɗinki a gefe-gefe. Jerin tsakiya ba doguwar kujera ba ce irin wadda muka saba gani, kujeru biyu ne a rabe, kowace da wajen ajiye hannu, a tsakaninsu an kafe ɗan firigo na lemo. A bayan kujerun gaba akwai ƙananan talabijin, ƙasa an shimfiɗa kafet mai gashi wanda ƙafa take nutsewa a ciki, a rufi kuma akwai gilashin da kake hangen sama ta cikinsa. Ya sa an naɗe kowace kujera da farar leda, ya hana yara hawa da takalmi, kai har Inna sai da ya ce ta tofar da goronta kafin ta leƙa. Ba zan yi muku ƙarya ba, na yi murna. Na zauna a ciki sanyi yana busa ni, ƙamshin sabuwar fata ya cika min hanci, na ji kamar in yi guɗa. Wace mace ce ba za ta so ba?

Na ce masa, "Baban Nana, gobe mu je Kwaya mana, Baba ya sa albarka."

Ya ce, "A'a, ba yanzu ba. Sai ranar da na bar ramin nan gaba ɗaya. Ranar zan sa manyan kaya, in tsaya a ƙofar gidan Baba, in buɗe masa ƙofa da hannuna ya shiga. So nake ya same ta yadda take ɗin nan, ko ƙwarzane babu."

Na gane inda ya dosa. Kafin ya koma ya kafa mata rumfar kwano a tsakar gida, ya lulluɓe ta da tamfol, ya damƙa wa Inna makulli. Yayana, Yaya Sale, tsohon direban motocin kasuwa ne, shi ya roƙa ya riƙa zuwa jefi-jefi yana tayar da injin don kada ya mutu, amma da sharaɗin ko taku ɗaya kada ta motsa. Ni kuma aikina hotuna. Duk ranar da ya hau tudu ya sami rezo, wato sabis ɗin waya, sai ya kira, ya tambayi Inna, ya tambayi yara, sannan ya ce, "Turo min ita in gani." Na ɗauke ta ta gaba, ta baya, ciki da waje, har wayata ta cika.

Da kaka, Baba yana gona ana ɗaurin dammunan gero, ya yanke jiki ya faɗi. A amalanken jaki aka ɗauko shi. Hawan jini ne, ya shanye masa ɓarin jiki na dama, baki ya karkace. Aka kwantar da shi a asibitin Magarya, da aka sallame shi likita ya ce dole a riƙa dawo da shi a kai a kai ana duba jinin, ana motsa masa hannu da ƙafa, in ba haka ba a haka zai ƙare. Na samu Habu a waya da ƙyar. Ya yi salati, ya yi jaje, muryarsa har ta canza, na san tausayin gaske ne. Sai na ce, "Baban Nana, ka yi min izini Yaya Sale ya riƙa kai shi da motar nan."

Ya ce, "Malama, motar nan ba ambilans ba ce. Kin san hanyar Kwaya, daga ƙaya sai kututture. Zan aiko a riƙa ɗaukar masa mota."

Na ce, "Babana ne fa."

Ya ce, "Ni ma nawa ne. Ai na ce zan aiko."

Kuma ya aiko, ba zan ci haƙƙinsa ba. Amma wace mota ake samu a ƙauye a ranar da ake so? Wanda kuka yi shata da shi sai ya ce yana kasuwar Guci, gobe ya ce taya ta fashe, jibi wayarsa a kashe, ranar likita ta wuce. Da muka gaji muka sa Baba a motar kasuwa. Aka matse shi tsakanina da Yaya Sale, buhunan wake a bayanmu, akuya a ƙarƙashin ƙafa, mutum a kan mutum. Jikinsa ba ya riƙe kansa, duk ramin da aka faɗa sai ya zube a kaina. Kafin mu kai rabin hanya fitsari ya kufce masa. Wata mata ta toshe hanci da mayafi tana tsaki, wani kuma daga baya ya ce ai irin waɗannan a gida ake barinsu. Babana, wanda in ya yi gyaran murya a zaure gida duka yake nutsuwa, ya sunkuyar da kai, hawaye yana bin gemunsa. Da muka dawo da shi ya ce, da bakin nan nasa da ba ya fita sosai, ba zai sake zuwa ba, a bar shi ya mutu a ɗakinsa. To ku gaya min, ku da kuke shirin yi min wa'azi, da ku ne ina za ku sa ranku? Ubanku yana wannan hali, ga mota a tsakar gidanku an lulluɓe ta, kaji suna shan inuwa a ƙarƙashinta?

Na dawo Dungas na tarar da Inna tana tankaɗe. Na durƙusa na ba ta labari tun daga farko. Ta karkaɗe rariyarta, sannan ta ce, "'Yar nan, ni ɗana amana ya ba ni, ba zan ɗauki makulli in miƙa miki ba. Amma zan leƙa maƙwabta barka, kuma kin san ni ba na rufe kwallata." Ta yafa mayafi ta fita. Na shiga ɗakinta, na buɗe kwallar, na ɗauki makullin. Da hannuna na ɗauka, ba wanda ya tura ni.

Wallahi da farko ban yi niyyar canza komai ba. Niyyata mu kai shi, mu dawo, a wanke a mayar ƙarƙashin tamfol. Amma tun a ƙofar gidan Baba na ga abin ba zai yiwu ba. Tsayin motar ya sa sai da maza suka cicciɓe shi kamar buhu, ƙafarsa mai ciwo ta bugi bakin ƙofa ya yi ƙara. A ciki kuma ina za a kwantar da shi? Kujerun tsakiya a rabe, firigo a tsakani, na baya kuwa ko yaro sai ya naɗe ƙafa. Muka zaunar da shi, ledar nan santsi, yana ta zamewa, ni ina durƙushe a kan kafet na tare shi da kafaɗa har Magarya. Duhun gilashin ma ya firgita shi, yana ta cewa a buɗe, a buɗe, ba ya ganin gari. Da muka sauke shi Yaya Sale ya share gumi ya ce, "Ƙanwata, wannan motar masu lafiya aka yi wa."

Maganar ta zauna min. Ranar da ba lakwal na ce Yaya ya kai ni Magarya wajen masu gyara. Muka sami wani dattijo mai ɗinkin kujerun mota, na gaya masa abin da nake so. Ya zagaya motar, ya leƙa, ya shafa fatar da bayan hannu, ya ce, "Hajiya, mai ita ya sani kuwa?"

Na ce, "Baba, aiki na kawo maka."

Ya ce, "Na ji. Amma wallahi hannuna ba ya so. Wanda ya yi ɗinkin nan ya ɓata lokaci a kansa."

Na ce, "Na sani. Kwance."

Suka cire kujerar tsakiya ta dama, suka cire jerin baya gaba ɗaya, suka tumɓuke firigon da wayoyinsa. Kafet ɗin nan mai gashi aka sa wuƙa aka yanke rabinsa, don ba ya wankuwa, aka shimfiɗa roba. Aka kafa katako tun daga ƙofar baya har bayan kujerar gaba, aka ɗora katifa mai rigar leda, da ɗamara biyu na riƙe mutum. Mai walda ya liƙa matakalar ƙarfe a ƙarƙashin ƙofa, baƙa mummuna, ba ta dace da komai na motar ba. Aka huda jikin ƙofa ta cikin fatar aka ɗaura mariƙi, aka huda rufi aka sa ƙugiyar rataya ruwan ƙari. Ni da kaina na sa farce na ɓare baƙar ledar gilashin gefen da Baba zai kwanta. Lokacin da na ji ƙarar abin hudawa yana shiga ƙarfe, na tuna Habu yana goge madubinta da hannun rigarsa. Na fita waje na juya baya. Amma ban ce su dakata ba.

Kuɗin da Habu yake aikowa na hayar mota, shi nake zuba mata man gazuwal da shi. Hanyar kuwa ta yi abin da ya ce za ta yi. Ƙaya ta zana ta tun daga goshi har wutsiya, gefen dama kamar an bi shi da ƙusa, wani kututture ya lotsa ƙarfen gaba, fitila ɗaya ta saman rufi reshe ya tafi da ita. Kujerun da aka cire na jibge su a ɗakina na rufa musu zane, amma Inna ta ga ɗaya ta ce bayanta yana so. Yanzu haka tana gindin bedi a tsakar gida, a kanta take jan carbi, hannun kujerar duk jan goro.

Kuma abin bai tsaya kan Baba ba. Ranar da matar maƙwabcinmu naƙuda ta zo mata da gardama, mijin ya tsaya a ƙofa yana roƙona, in ce masa me? In ce motar ta Babana ce shi kaɗai? Bayanta aka ɗauki wani da maciji ya sara a gona, aka ɗauki wata tsohuwa da ta karye a ƙugu. Shi ya sa har yau labari bai kai Jado ba. Wanda aka kai matarsa ta sauka lafiya ba zai ɗaga waya ya kai ƙarata ba, sauran kuma Inna ta bi su gida-gida ta ja musu kunne. A unguwa ma yanzu ba a cewa motar Habu, motar Malama ake cewa, kuma na san in ya ji wannan kaɗai ya isa ya hana shi cin tuwo.

Baba yana samun sauƙi. Yanzu yana riƙe ludayi da hannun da ya mutu, yana dafa sanda ya kai kansa bayan gida. Duk wanda zai ce min fata launin madara ta fi wannan, ya riƙe ra'ayinsa, ba na so.

Inda kunyata take shi ne ƙarya, kuma ba zan ɓoye ba. Duk lokacin da Habu ya ce in turo ta, sai in ɗauko cikin tsofaffin hotuna in tura. Wata rana cikin rani ya ce, "Malama, wai ku har yanzu damina kuke yi? Na ga kabewar Inna kore shar a kan danga." Na yi dariya na ce ban-ruwa take yi mata. Daga nan na koma ɗaukarta ta gefen hagu kawai, inda ƙaya ba ta ci sosai ba. Ya ce in yi masa bidiyon ciki, na ce wayata ta faɗa ruwa ba ta ɗauka da kyau. Wata rana kuma, ban san me ya ji a muryata ba, ya ce, "Tsakaninki da Allah, ba wanda ya taɓa ta?" Na ce, "Wallahi tana nan inda ka bar ta." A daidai lokacin tana ƙarƙashin rumfar, don haka na ce wa kaina ban yi rantsuwar ƙarya ba. Amma wa nake yaudara? Allah ne bai san abin da nake nufi ba? Ni da nake tsayawa gaban yara ina ce musu ƙarya haramun ce? Wannan kam na ji kunyarsa, har yau ina ji.

Akwai wadda ta fi wannan nauyi. Watannin farko hankalin Baba bai dawo daidai ba, bai taɓa tambayar motar wa ake ɗaukarsa da ita ba. Wata rana da la'asar muna dawowa daga Magarya, yana kwance yana kallon sama ta gilashin rufi, sai ya miƙa hannunsa mai lafiya ya shafa fatar jikin ƙofa. Ya ce, "Wai motar nan ta gwamnati ce?"

Na ce, "A'a Baba, ta Habu ce."

"Habu namu?"

"Shi fa."

Ya daɗe yana kallon wajen da aka cire kujerun, ramukan ƙusoshin suna nan a fili. Ya ce, "Shi ya ce a yi mata haka saboda ni?"

Na ɗaga kai, muka haɗa ido da Yaya Sale ta madubi. Me zan ce wa mutumin da bai daɗe da daina roƙon mutuwa ba? In ce masa a'a, surukinka cewa ya yi ba ambilans ba ce? Na ce, "E, Baba, shi ya ce."

Sai Baba ya fashe da kuka. Ya ce, "Na taɓa gaya wa yaron nan magana marar daɗi a gaban mutane. Ashe ni zai ɗauka." Ashe bai manta ba, duk shekarun nan shi ma abin yana ransa. Tun daga ranar duk wanda ya je duba shi a Kwaya sai ya ba shi labari: surukinsa ya sayi mota ta alfarma, ko daɗinta bai ji ba ya sa aka farke cikinta saboda shi. Liman ya yi wa Habu addu'a a masallaci. Tsofaffi suna aiko min da gaisuwa in isar masa. Abin da Habu ya yi shekaru yana son ji daga bakin Baba an faɗa, an maimaita, shi kaɗai ne bai ji ba, ni kuma ba ni da bakin gaya masa.

To makon jiya Habu ya kira, murya kamar yaron da aka yi wa ɗinkin Salla. Ya sallami ramin, ya sayar da kasonsa, yana hanyar gida gaba ɗaya. A Damagaram zai sauka. Ya ce Yaya Sale ya wanke motar, ya goge ta da man sheƙi, ya kai masa ita can, abokansa na wajen aiki za su gan ta kafin kowa ya kama gabansa. Ya ce, "Kada ku cire ledar kujerun fa, ni zan cire da hannuna a ƙofar gidan Baba. Na ɗinka shadda, Malama, sai kin gani." Na ce Allah ya kawo shi lafiya.

Yaya Sale ya ce mu mayar da ita wajen dattijon nan a maida kujeru, a sake liƙa baƙar leda, a shafa fenti, wataƙila ba zai lura da wuri ba. Na ce Yaya, Habun da ya san kowane ɗinki na jikin kujerun nan? Ramukan fa? Kafet ɗin da aka yanke fa? Jan goron Inna fa? Kuma in an maida kujerun, Baba ya koma motar kasuwa ke nan? Inna kuma ta kira ni ɗaki ta ce, "'Yar nan, ki ce ni na sa. Ni dai ba zai iya sakina ba." Na yi dariya har da hawaye, na gode mata, amma na ce a'a. Ba zan ɓuya a bayan tsohuwa ba. Ba ita ta tsaya a garaji ta ce a kwance ba, ni ce.

Ku fahimce ni da kyau. Zan durƙusa in roƙi Habu gafarar ƙaryar da na yi masa, da rantsuwar, da hotunan. Haƙƙinsa ne. Na san abin da motar nan take a wajensa, na san irin ramin da ya shiga da ƙishirwar da ya sha kafin ya same ta, kuma na san na lalata masa ranar da ya daɗe yana mafarki. Amma in abin da yake jira shi ne in ce da na sani da ban yi ba, to zai daɗe yana jira. Da za a mayar da ni ƙofar garajin nan yau, abin da na faɗa shi zan sake faɗa. In ya ce in tafi gidanmu, zan tattara kayana in tafi, raina zai ɓaci don ina son mijina, amma ba zan tafi da sunan wadda ta yi kuskure ba. Masu cewa biyayya, na ji, na yi masa biyayya tun ba shi da ko taya. Amma wace irin biyayya ce za ta sa in zauna ina gadin kujeru ubana yana ruɓewa a ɗaki?

Ba sakin ne ya fi ba ni tsoro ba. Tsorona Habu mutum ne mai zuciya, in ransa ya ɓaci bakinsa yana riga hankalinsa. Ina tsoron ya ga motar, ya buɗe baki a gaban mutane ya ce shi bai sa ba, hasali ma hanawa ya yi, maganar ta koma kunnen Baba. Mutumin da jininsa bai daɗe da sauka ba, ya ji cewa albarkar da yake ta sawa a kan ƙaryar 'yarsa ya sa ta, me zai same shi? Su biyun kuma da wane ido za su sake kallon juna?

Jiya na je Kwaya. Labarin zuwan Habu ya riga ni isa. Na tarar Baba ya sa an wanke masa babbar rigarsa ta Juma'a, an yi masa aski, sandarsa a jingine kusa da shi. Ya ce ba zai jira yaron nan ya zo ya same shi a gida ba, shi ya kamata ya je. A kwantar da shi a motar, a tafi da shi Damagaram tarya, yana so ya zama shi ne farkon wanda zai riƙe hannunsa in ya sauko. Na ce hanya da nisa, Baba. Ya ce ko ta fi haka zai je. Yaya Sale ya dube ni, ni ma na dube shi.

Yanzu Habu yana hanya, rezo yana kama shi jefi-jefi. In kira shi tun yanzu in zazzage masa komai, ya yi fushinsa a hanya inda ba mai ji, ko da kuwa zai fasa zuwa ta kanmu? Ko in yi shiru in bar shi ya gani da idonsa, motar a ƙwarzane, Baba a kwance a ciki da babbar riga yana miƙo masa hannu, in dogara ga Allah ya riƙe masa harshe? Ko in fara gaya wa Baba gaskiya da kaina kafin wani ya gaya masa? Kada wanda ya ce min in yi nadama, na gaya muku wannan babu. Hanyar da zan bi in fitar da mutanen nan biyu ba tare da na karya ɗaya ba nake tambaya.

Me zan yi?